Idan Layin Rajista Ya Tsaya a Sayam Forage

A ƙarshen 2014 aka buɗe sansanin Sayam Forage, kilomita 40 da 'yan kai daga Diffa, domin mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Damasak da kewaye suka tsallako Komadugu. HCR, hukumar kula da 'yan gudun hijira, na ajiye sunayensu a rumbun bayanai mai suna proGres, zanen yatsu da ƙwayar ido kuma a BIMS. Ma'aikaci na danna suna, wata babbar kwamfuta da ake kira saba ce ke lalubo amsa. Duk ranar da irin wannan na'ura ta yi nauyi, tsohuwar da ke bin layi cikin rana ce ke ji a jika.

Da allo ya tsaya, sai ka ji an ce "rezo ne". Wani sa'in shi ɗin ne, wani sa'in ciwon na cikin sabar.

Dubi mai tattasai a kasuwar Diffa. Abin da ya baza a gabansa shi ne RAM, wato ƙwaƙwalwar sabar, buhunan da ke sito su ne faifan ajiya. Na gabansa hannu kawai zai miƙa. Na sito sai an aiki yaro da mabuɗi. Faifai mai juyi 7,200 a minti bai cika wuce ɗauko 100 zuwa 150 a daƙiƙa ba in bayanan a warwatse suke, alhali SSD na yin dubbai.

Inda sabon ma'aikaci ke ruɗewa shi ne ganin RAM ta cika maƙil. Ai da gangan manhaja irin SQL Server ke mamaye ta, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya barin tabarmarsa wayam. Abin dubawa shi ne zirga-zirgar sito. A Linux, vmstat na nuna ko na'ura ta fara kwashe kayan RAM tana jibgewa a faifai, iostat kuma na faɗin tsawon jiran kowane ɗauko. In ya daɗe yana haura milisakan 20, da magana.

Ni dai kafin a sayo sabon ƙarfe, sai in ce a duba fihirisar rumbun bayanan. In babu ita, neman Falmata guda zai sa a bi ta kan kowane suna a kundin, kuma Falmata a ƙasar Manga ba ta ƙirguwa. Bayan nan a leƙa ƙaramin batirin katin RAID mai kula da faifan ajiya: in ya mutu, katin kan daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa, komai sai ya jira faifai. Zafin watan Afrilu kuwa ba ya raga wa batir.