Karatun Malami a Lokacin Dogon Hutu da Amfaninsa ga Koyar da Karatu a Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Dogon hutun makarantun boko a Sakkwato yakan faɗo ne cikin damina, daga wajen ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. A wannan lokaci wasu malamai kan koma gona, wasu su kama 'yar sana'a, wasu kuma su tafi kwas na ƙaro ilmi. Abin da ba a cika maganarsa ba shi ne karatun da malami zai yi don kansa, watau wanda ba jarrabawa ta tilasta masa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan karatu na nishaɗi wani ɓangare ne na shirin koyarwa, musamman ga malamin da aka damƙa wa 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, inda yaro yake kama karatu ko kuwa ya kuɓuce masa.

2.0 Malami Mai Karatu a Tarihi

Sakkwato ba baƙuwar wannan al'ada ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, takan koya wa jajoji waƙoƙinta, su kuma su kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Jaji sai ta riƙe waƙa a bakinta tukuna kafin ta biya wa wata. Haka kuma Waziri Junaidu (1906–1997) ya shahara da tara littattafai da nazarinsu a gidansa da ke Giɗaɗawa.

A ɓangaren boko ma haka abin yake. Cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar a Zariya, uku malaman makaranta ne suka rubuta su: Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja, da Bello Kagara mai Ganɗoki, da Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar. Alhaji Shehu Shagari kuwa yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya cikin shekarun 1940, wadda ta zama hanyar koya wa yara labarin ƙasa. Waɗannan duka sun ba ɗalibai abin karantawa ne domin su kansu ma'abota karatu ne.

3.0 Abin da Karatun Nishaɗi ke Gyarawa

3.1 Sauti da Lafazi

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Kalmar "gari" tana iya nufin wurin zaman jama'a, tana kuma iya nufin niƙaƙƙen hatsi. "Fari" na iya zama launi, ko kuwa ƙarancin ruwan sama. Mai karatu yakan gane wadda ake nufi ne daga jimlar da ta zo ciki, kuma wannan ƙwarewa ba ta samuwa sai da yawan karatu. Malamin da ya ɗauki tsawon lokaci bai karanta doguwar Hausa ba yakan riƙa cijewa idan yana karanta wa yara labari, ya faɗi kalma ya komo ya gyara. Yara kuwa abin da suka ji shi suke kwaikwaya, har su ɗauka cewa karatu shi ne jera kalmomi ɗai-ɗai ba tare da ma'ana ba.

3.2 Karin Harshe

A nan ne matsalar Sakkwato ta bambanta da ta Kano. Yaro Basakkwace yakan zo makaranta da "tahi" da "biyat" da "gidanai" da "munka zo" da "yac ce", sai ya tarar littafi ya rubuta "tafi" da "biyar" da "gidansa" da "muka zo" da "ya ce". Inda shi yake cewa "shi na", littafi "shi ne" ya sani. Sakkwatanci ba kuskure ba ne. Kari ne mai tsohon asali, wanda aka yi waƙoƙi masu yawa da shi. Amma littattafan makaranta da daidaitacciyar Hausa ake buga su. Saboda haka malami shi ne gada tsakanin karin gida da na littafi. Idan idonsa bai saba da daidaitacciyar Hausa ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko ya rubuta karinsa a allo ya rikita yara, ko kuwa ya riƙa tsawata musu a kan maganar iyayensu har su tsargu da buɗe baki.

3.3 Ƙa'idojin Rubutu

An sha zama a kan ƙa'idojin rubutun Hausa, kamar taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Duk da haka, raba kalmomi da haɗa su na nan yana ba malamai wahala. Alal misali, "a kan tebur" daban yake da "akan tafi", haka kuma barin lanƙwasar ƙ ko ɗ ko ɓ na iya mayar da "ƙafa" ta zama "kafa". Haddace doka kaɗai ba ya isa. Ido ne ke sabawa da siffar kalma idan ya sha ganinta a ingantaccen bugu, har hannu ya ƙi rubuta ta a karkace.

4.0 Me Ya Kamata a Karanta?

Ana iya kasa karatun hutu kashi uku. Na farko shi ne na jin daɗi zalla, kamar Magana Jari Ce, da Jiki Magayi, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Littattafan soyayya na zamani ma suna da nasu amfani wajen sa son karatu, sai dai a lura cewa da dama cikinsu ba su bi ƙa'idar rubutu ba.

Na biyu shi ne abin da yaran kansu za su karanta, kamar jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da littattafan Mu Karanta! waɗanda shirin NEI Plus ya samar wa ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi. Irin waɗannan da babbar murya ya kamata a karanta su, ko da ga 'ya'yan gida ne bayan sallar isha'i, domin a nan malami zai gane inda yara ke dariya da inda hankalinsu ke tafiya.

Na uku shi ne na ƙarin sani, kamar Hausa a Rubuce (1988) na Ibrahim Yaro Yahaya, tare da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) a kusa. Yana da kyau malami ya ajiye ɗan littafin rubutu, ya riƙa shigar da baƙin kalmomi, da karin magana, da kalmomin da Sakkwatanci ya saɓa wa littafi a kansu. Wannan shi zai zama guzurinsa na zangon farko.

5.0 Kammalawa

Babban cikas shi ne samun littafin. Albashin malamin firamare da ƙyar yake kai wata, balle a yi maganar sayen littafi. A nan akwai hakki a kan cibiyoyin da ke horar da malamai, kamar Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wadda aka kafa a 1975, su buɗe wa malaman firamare ƙofar aron littattafai a lokacin hutu. Su ma malaman makaranta ɗaya suna iya yin karo-karo, kowa ya sayi littafi guda, a riƙa musaya. Malamai shida da littafi shida sun ishi juna karatun mako shida, kuma yaran da za su shigo aji ɗaya a watan Satumba su ne za su fara cin moriyarsa.