Gyaran Tebur: Tabon Zafi Da Kakin Kyandir

Ya ku manoma da dagatai na Kwalkwalawa da sauran ƙauyukan bakin gulbin Rima, ku sani katako ya yi tsada a ƙasar Sakkwato. Yawancinsa daga kudu a ke kawo shi. Maɗobiya ma, wadda kafintoci ke so, saboda yawan sara har ƙasashen duniya suka ƙayyade cinikinta a shekarar 2016. Saboda haka wanda ya ke da tebur mai kyau ya riƙe shi da kyau. Abu biyu suka fi ɓata shi, butar shayi mai zafi da kakin kyandir. Duka biyu suna da magani, amma wuƙa ba ta ciki.

Tabon zafi

In an aza buta ko kwanon tuwo a kan tebur, a kan ga farin tabo kamar zobe. Mutane na cewa itacen ya ƙone. Ba ƙuna ba ce. Zafi ne ya buɗe man ƙyallin da kafinta ya shafa, tururi ya shiga, ya maƙale. Ya fi aukuwa da damina, balle a bakin fadama inda laima ta yi yawa. Maganinsa a fid da laimar nan.

A shimfiɗa busasshen ƙyallen auduga a kan tabon. A kawo dutsen guga mai ɗumi, ba mai zafi ainun ba. In na gawayi ne, garwashi kaɗan ya isa. A riƙa goga shi bisa ƙyallen, a ƙirga goma, a ɗaga a duba. A yi ta haka har farin ya ɓace. In ya ƙi, a tankaɗe toka ta yi laushi, a kwaɓa da man gyaɗa, a murza a hankali, a bi yadda zanen itacen ya kwanta.

Amma in tabon baƙi ne, ya riga ya shiga cikin itacen. Wannan aikin kafinta ne, ya kankare ya sake shafa mai.

Kakin kyandir

In kyandir ya ɗiga, kada a share shi da ɗuminsa, sai ya bazu. A bari ya daskare sarai. Sa'an nan a ɓamɓare shi da sakaina ko tsinken kara. Wanda ya sa wuƙa, kaki ya tafi, amma ya bar wa teburinsa zane har abada. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya rage, a rufe shi da takarda marar rubutu, don kada tawada ta kama, a bi da dutsen guga mai ɗumi. Kakin ya narke, takarda ta shanye. A riƙa sake takarda har ta fito ba maiƙo.

Kakin zuma

Ga wani abin mamaki: kaki ke ɓata tebur, kaki kuma ke tsare shi. Masu amya da yawa in sun tace zuma sai su zub da saƙar. Hasara ce. A sa ta cikin ruwa a tukunyar ƙasa, a ɗora a wuta marar ƙarfi, gama kakin zuma na narkewa tun ruwa bai tafasa ba. A tace da ƙyalle, a bar shi ya kwana. Da safe za a tarad da kaki ya daskare bisa ruwan. A narka shi da ɗan man gyaɗa don ya yi taushi, a shafa kaɗan a tebur, a goge har ya yi sheƙi. A yi haka gaban damina, a kuma yi in hunturu ya kama, don kada katako ya tsage.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. A sa faifai ƙarƙashin buta, a kafa kyandir cikin tasa. Wanda ya karanta wannan takarda ya gaya wa maƙwabcinsa.