Idan Saƙa Ta Ɓaci, Yaya Za Ki Yi?

Ƴar'uwa mai karatu, kin san yadda ɗari yake a nan Bande daga watan Disamba zuwa Janairu. Iskar hunturu tana shiga ɗaki ta ko'ina. Babba yana jin ta, balle jariri. Shi ya sa da zarar an gama girbin gero, sai ki ga mata sun ɗauko tsinke biyu da zare, suna saƙa hula da safa da rigar sanyi. Wata don ɗanta take yi, wata don sayarwa. Maza masu saƙa, ku ma maganar nan ta shafe ku.

Amma saƙa tana da ranar ɓaci. Bara wata ɗaliba ta ajinmu ta karɓi kuɗin wata mata don ta saƙa ma jaririnta riga da hula kafin ranar suna. Kwana 7 ke nan kawai. A kwana na 5 ta ɗaga rigar, sai ta ga gefe guda ya fi ɗaya faɗi, ga rami a tsakiya. Ta zo aji tana hawaye, ta ce za ta jefa ta wuta. Kuɗin kuwa ta riga ta sayi zare da su. Muka zauna muka duba. Layi 12 kaɗai muka warware, kuma rigar ta kai gidan suna.

Bari mu fara da ido. Kowane madaukin zare da ke bisa tsinke, shi za mu kira ido. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ido ya zame ya faɗi ba ki lura ba. Idan kika ci gaba, sai ya yi ta gangarawa ƙasa, ya bar zaruruwa a gicciye kamar matakalar tsani. Kada ki ja saƙar, ja yana ƙara gangarar da shi. Ki fara kama idon da fil ko da ɗan guntun zare don ya tsaya. Sannan ki juyo fuskar saƙar wajenki, ki sa ƙwarashi cikin idon, ki kamo zaren da ya fi kusa da shi daga sama, ki jawo ta ciki. Ki kamo na gaba, ki jawo. Ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake, har ki hau zuwa tsinke. Aikin minti 5 ne, kuma ba mai gane wurin.

Wani lokaci kuma ido ƙaruwa yake yi. Kin fara da 40, kin wayi gari da 46. Rami kuma sau da yawa daga tashi ne. Kina tsakiyar layi, tuwo ya fara ƙonewa ko yaro ya yi kuka, kika ajiye. Da kika dawo, sai kika juya kika koma inda kika fito. Nan rami yake fitowa. Ga abin da za ki riƙe: idan kin ɗauki saƙa a tsakiyar layi, tsinken da zaren ƙunshi yake fitowa daga gare shi, shi ne na hannun dama. In da hali ma, ki ƙarasa layin kafin ki tashi.

A nan ne karatunki yake da amfani, kuma ni abin da ya fi faranta mini rai ke nan. Da can ɗalibar nan da ka take lissafi. Yanzu tana da kaye da bik kusa da kwandon zare. Ki rubuta yawan idon da kika fara da shi. Duk layi 10 ki ƙirga, ki rubuta. Idan lamba ta canza, kin san ɓarnar ba ta wuce layi 10 ba.

To idan ɓarnar tana can ƙasa fa? Sai warwara. Na san tana da ciwo, aikin dare uku ya koma zare cikin ɗan lokaci. Amma warwara ma da dabararta. Ki zare tsinken, ki shimfiɗa saƙar bisa tabarma, ki ja zaren a hankali kina naɗewa. Idan saura layi ɗaya ki kai wurin kuskuren, ki tsaya. Wannan layin ki kwance shi ido ɗaya ɗaya, kina ɗora kowane ido bisa tsinke. Tsinke siriri ya fi shiga da sauƙi. Masu wayo kuma suna zura wani zare mai launi dabam cikin dukan idanu idan sun kai wurin da suka tabbata daidai yake. Ko an warware, a nan warwarar za ta tsaya.

Zaren da aka warware yana lanƙwashewa. Kada ki zubar. Ki naɗe shi bisa bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi, ki rataye a inuwa ya bushe. Zai miƙe sosai, ko da bai koma kamar sabo ba.

Akwai ɓacin da ba laifin hannu ba ne. Kin gama hula, ba ta shiga kan jariri ba, ko ta rufe masa ido. Hannun kowa da irin jansa. Saboda haka, kafin ki fara, ki saƙa ɗan ƙyalle, ki auna da abin awon tela. Mu ce kin samu ido 20 cikin santimita 10, wato ido 2 a kowane santimita. Kewayen kan jariri sabon haihuwa wajen santimita 34 ne. Saƙa tana buɗewa, don haka ki yi ta santimita 32. To, 32 sau 2, ido 64 ke nan. Ki rubuta shi cikin kaye, haihuwa ta gaba ba sai kin sake lissafi ba.

Sai ƙarewar zare. Saura hannun riga guda, zare ya ƙare. Kin aika Magarya ko Damagaram, an kawo shuɗi, amma ba shuɗin farko ba ne, domin ba tare aka rina su ba. Maganinsa ki sayi abin da zai isa tun farko. Idan ƙunshin yana da takarda, ki adana ta, ki karanta lambar launi da ke jiki ki ba ɗan aike. In ba a samu ba, kada ki yi ta neman ɓoyewa, rana za ta tona. Gara ki ɗauko wani launi dabam ƙarara, ki yi ado da shi a hannu biyu da wuya, a zaci da gangan ne.

Ki kuma san irin zarenki kafin wanki. Ki yanki ɗan guntu ki kanga masa ashana a waje, nesa da yara. Idan ya narke ya dunƙule da tauri, na roba ne, kuma dutsen guga mai zafi yana kashe shi har abada. Idan ya yi warin ƙonannen gashi ya zama toka, ulu ne na tumaki, shi kuma ruwan zafi da cuɗa suke tsuke shi.

Ba kowane kuskure ake gyarawa ba. Ido ɗaya da ya karkace a ƙarƙashin hammata, ni sai in ce ki bar shi. Amma a kayan jariri akwai wanda ba a bari: zare mai lilo cikin safa. Yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini wucewa, jariri yana kuka ba a san dalili ba. Ki juya safar, ki cusa kowane bakin zare da allura, ki yanke saura.

Idan kuma aikin na kuɗi ne, kika ga ba zai ƙare ranar alkawari ba, ki je ki faɗa ma mai kaya tun da sauran kwana biyu, ki nuna mata inda kika kai. A aji mai zuwa, kowace ta zo da saƙar da ta ɓata ta ɓoye cikin kwalla, da ƙwarashi, da kayenta.