Radiyon gida da radiyon Yamai: yadda manyan gidaje ke karɓe awowin tashoshin Maraɗi

1. Gabatarwa

A ƙasashe da dama an sha ganin manyan gidajen radiyo, waɗanda muryarsu ta game ƙasa, suna haɗiye ƙananan tashoshin garuruwa. A wannan maƙala muna so mu duba yadda al'amarin yake a birnin Maraɗi da garuruwa biyu da ke maƙwabtaka da shi, wato Tibiri da Jiratawa. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a nan haɗiyar ba ta biyo ta hanyar sayen tasha ba, ta biyo ne ta hanyar lokaci: tasha tana nan a cikin gari, da eriyarta da ma'aikatanta, amma awowin da mutane suka fi saurare an cika su da shirye-shiryen da aka yi a wani wuri.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu fayyace kalmomi uku da za mu yi amfani da su. Idan muka ce tashar gida, muna nufin tashar da ake tsara shirye-shiryenta a garin da take. Idan muka ce uwar tasha, muna nufin gidan radiyon da ke babban birni, mai rassa a jihohi (réseau). Jona kuwa (relais) ita ce tasha ta dakatar da nata shirin ta saki na wata tasha a kan zangonta.

2. Yadda abin ya faru a wasu ƙasashe

A Faransa, dokar shekarar 1981 ta ba ƙananan tashoshi masu zaman kansu izinin watsa shiri, sa'an nan a 1984 aka yarda su yi talla. Da kuɗin talla ya shigo sai gidaje irin su NRJ suka riƙa jawo ƙananan tashoshi ɗaya bayan ɗaya, har hukumar kula da radiyo ta ƙasar ta ga tilas ta kasa tashoshi kashi biyar, don a rarrabe na ƙungiyoyi da na gari da rassan manyan gidaje. A Amurka kuwa, dokar sadarwa ta 1996 ta ɗage iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasa. Kamfanin Clear Channel, wanda ke da tashoshi wajen 40 a lokacin, ya wayi gari cikin ƴan shekaru da fiye da 1000.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kaduna. Gwamnatin Jihar Arewa ta Nijeriya, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, ta kafa gidan radiyon Kaduna a 1962. A 1978 gwamnatin soja ta mayar da shi ƙarƙashin hukumar radiyon tarayya, wato FRCN. Mallaka ta koma hannun tarayya, amma aka ci gaba da tsara shirye-shiryen Hausa a Kaduna, kuma masu saurare, har da na Maraɗi, suka ci gaba da ɗaukar tashar tasu ce. Wannan yana koya mana cewa wanda ya mallaki tasha daban, wanda ke yanke abin da za a saki daban. Na biyun ne ya fi shafar mai saurare.

3. Taƙaitaccen tarihin radiyo a Nijar

Radiyo a Nijar daga sama ya faro. An buɗe Radio Niger a Yamai a 1958, aka kafa hukumar ORTN a 1967, sa'an nan a 1974 tashar ta ɗauki sunan Muryar Sahel. Shekara fiye da talatin gwamnati kaɗai ke da ikon watsa shiri, kuma Maraɗi tana nesa da Yamai da fiye da kilomita 600. Duk da haka an yi wani yunƙuri na jin muryar karkara tun da wuri, wato ƙungiyar Radio-Clubs da aka kafa a 1962. Mutanen ƙauye kan taru su saurari shiri, su tattauna, jagoransu ya ɗauki maganarsu a faifai ya aika Yamai. Amma ko a nan, a babban birni ake tace magana a zaɓi wadda za a saki. Daga baya ORTN ta buɗe tashoshin jihohi, har da ta Maraɗi, waɗanda ke yin shirin gida na wasu awowi su jona da Yamai a sauran lokaci.

Taron ƙasa na 1991 ne ya buɗe ƙofa. Shi ya haifar da hukumar ƙoli ta sadarwa, CSC, kuma dokar 1993 ta halatta radiyo mai zaman kansa. Tashar R&M ta fara aiki a Yamai a 1994, Anfani ta Grémah Boucar ta biyo baya a 1995, sa'an nan wasu irin su Ténéré da Saraounia da Dounia. Abin lura shi ne, dukkan waɗannan a Yamai aka haife su, daga can ne wasunsu, kamar Anfani da Saraounia, suka miƙo rassa zuwa Maraɗi. Ke nan tun ranar da zangon FM mai zaman kansa ya iso Maraɗi, yawancinsa da igiyar Yamai ya iso. Akwai tashoshin da asalinsu na garin ne, kamar Garkuwa, kuma akwai radiyon karkara, wanda aka fara a Bankilare a 1999 kafin ya bazu cikin ƙasa. Waɗannan su ma, kamar yadda za mu gani, ba su kuɓuta daga jona ba.

4. Hanyoyi uku da ake karɓe awowi

Hanya ta farko ita ce ta reshe. Reshe yana da ɗakin watsa shiri da ƴan jarida a Maraɗi, amma babban labarun rana daga uwar tasha yake fitowa. Wakilin Maraɗi yana aika rahotonsa Yamai, a can edita zai auna shi da na Damagaram da Tawa da Agadas, ya ba shi minti ɗaya ko biyu, ko ya ajiye shi. Sai labarin Maraɗi ya je Yamai ya dawo kafin mutumin Maraɗi ya ji shi.

Hanya ta biyu ita ce jona da gidajen ƙetare. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI a 2007. A da, a gajeren zango ake kama su, da ƙugi da shashshaka. Da FM ya zo sai suka ƙulla yarjejeniya da tashoshin cikin gida, kamar yadda Muryar Amurka ta yi da Anfani, domin a ji su tangaran. Lokutan shirye-shiryensu kuwa, wato sassafe da tsakar rana da bayan magariba, su ne daidai lokutan da manomi da ɗan kasuwa ke kusa da akwatin radiyo.

Hanya ta uku ita ce ta shirin da aka gama aka aiko. Misali mafi girma shi ne Studio Kalangou, wanda gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwis ta buɗe a Yamai a 2016. An tsara shi ne ya shirya labarai da mahawara cikin Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamashek, tashoshi masu zaman kansu da na karkara su saki. Haka nan ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji kan kawo shirin faɗakarwa a kan rigakafi ko aurar da yara ko tamowa, su biya kuɗin lokaci, tasha ta saki yadda aka kawo.

5. Me ya sa tashoshi ke yarda?

Amsar ita ce kuɗi. Manyan masu talla, wato kamfanonin tarho da bankuna da ma'aikatu, hedikwatarsu a Yamai take. Sun fi son su yi ciniki sau ɗaya da uwar tasha tallarsu ta zaga jihohi, a kan su bi ƙananan tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage wa tashar gida shi ne sanarwar aure da suna da rasuwa, da cigiya, da gaishe-gaishe, da lokacin da malamai masu wa'azi da masu maganin gargajiya ke saye. Maraɗi garin kasuwanci ne, amma harkar alhazanta ta fi tafiya a kan sanayya da amana, ba ta cika bukatar talla ba.

Ga kuma tsadar aiki. Rahoto ɗaya daga ƙauye yana cin man babur da kuɗin tarho da yinin ma'aikaci, alhali jona ba ta cin komai sai wuta, wani lokaci ma tana zuwa da kayan aiki ko horo. Ita kanta wutar ba ta da tabbas. Yankin Maraɗi ya daɗe yana dogara da layin da ke fitowa daga Katsina, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke shi a watan Agusta na 2023, sakamakon takunkumin CEDEAO, duk mai son ya ci gaba da watsa shiri sai da ya nemi man inji ko wutar rana. Mai tashar da ke cikin wannan hali, in ya zaɓi jona, ba za a ce ya yi ragwanci ba.

6. Riba da hasara

Ba za mu musanta amfanin jona ba. Ta hanyarta ne mai saurare ke jin labarin duniya cikin Hausa, daga ƙwararrun ƴan jarida. Ta kuma ba ɗan jaridar jiha wata irin garkuwa, domin labarin da zai yi nauyi a faɗa a gaban masu ikon gari yakan fi sauƙin fita in daga nesa aka sako shi. Wahalar da Anfani ta sha a 1996 da 1997, lokacin da aka rufe ta sa'an nan aka farfasa kayanta a Yamai, ta nuna cewa ko babbar tasha ba ta tsira ba, balle ƙarama.

Hasarar kuwa a ƙananan abubuwa take ɓuya. Jiratawa, a kudancin birni, gari ne na noman rani a fadamar Gulbin Maraɗi. Abin da mai lambu ke son ji da safe shi ne ranar da za a ba ɓangarensa ruwa, da kuɗin buhun taki, da yadda zogale da tumatir suka kwana a kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, da yadda ake canjin naira da sefa. Babu editan Yamai da zai sa wannan a kanun labarai, kuma da gaskiyarsa, don ba labarin ƙasa ba ne. Tibiri kuwa fadar Sarkin Gobir ce. Naɗin sarauta, da sulhu tsakanin manoma da makiyaya, da gargaɗin cikar gulbi da damina, duk magana ce da sai wanda ya san gari da unguwanninsa zai iya isar da ita a kan lokaci. Waɗannan garuruwa biyu suna cikin da'irar FM ta Maraɗi, saboda haka duk awar da tashar birni ta bayar, da su aka bayar.

Akwai kuma zancen harshe, wanda ya fi shafar wannan sashe namu. Manyan gidaje sun fi karkata ga daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan karin Kano. Mutumin Tibiri ko Maraɗi yana cewa biyat da tahi da ɗiya inda mai karanta labarai ke cewa biyar da tafi da ƴa. Fahimta ba ta yankewa, amma in yaro ya tashi yana jin labarin duniya da muhimman mahawarori cikin kari ɗaya, nasa karin kuwa sai a gaishe-gaishe da wasan kwaikwayo, zai ɗauka nasa bai kai na magana mai nauyi ba.

Hasara ta ƙarshe ita ce rauni. A watan Agusta na 2023 hukumomin soja suka dakatar da RFI. A watan Disamba na 2024 aka umarci tashoshin da ke jona BBC su dakata har wata uku. A watan Maris na 2025 kuma gwamnatin Amurka da kanta ta tsayar da aikin Muryar Amurka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke a Maraɗi, amma a zangon Maraɗi giɓin ya bayyana. Tashar da ba ta raini nata ƴan jarida ba, ranar da aka tsinke igiya ba ta da abin sakawa sai waƙa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

7. Kammalawa

Mun ga cewa a Maraɗi ba a auna ƴancin tasha da takardar mallaka kaɗai. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a ɗauki jadawalin tasha na mako guda, a ƙirga awowin da aka tsara a gida, a kuma duba a wane lokaci na yini suka faɗo. Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi za su iya yi da akwatin radiyo da littafin rubutu kawai.

Daga nan shawarwari uku ke fitowa. Na farko, hukumar da ke ba da izinin watsa shiri ta gindaya wa kowane reshe mafi ƙarancin awowin shirin gida, a cikin lokutan saurare. Faransa ta yi haka a 1994, inda ta ce tashar da ke son tallar gari sai ta yi aƙalla awa uku na shirin gida tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare. Na biyu, ƙungiyoyin da ke sayen lokaci su riƙa biyan tashar gida ta shirya faɗakarwar da kanta, da muryoyin mutanen wurin. Na uku, jona ta zama hanya mai zuwa da dawowa, wato yadda Maraɗi ke sakin shirin Yamai, ita ma Yamai ta ware lokacin da za ta saki shirin da aka tsara a Maraɗi ɗungum, ba tare da an datse shi ba. Radio-Clubs sun gwada wani abu mai kama da wannan tun 1962, da faifai da motar wasiƙa, a lokacin da babu intanet balle tarhon hannu.