Ɗanki na son zama mawaƙi? Ki fara ba shi labarin Ɗanƙwairo

Uwargida, ko naki ɗan ma ya koma wuni da abin sauraro toshe a kunne, yana gyaɗa kai yana ƙunƙuni shi kaɗai? Haka ɗan yayata ya koma a Talata Mafara. Shekararsa 17. Ran nan na taso daga aikin dare, ko fararen kaya ban cire ba, sai ga kiran yaya, muryarta na rawa: "Ki zo ki ji abin da ɗanki ya ce. Wai mawaƙin hip hop zai zama." Kafin in isa ta riga ta ƙwace wayarsa, shi kuma ya kwana biyu bai ci tuwon gidan ba.

Na roƙe ta wayar, na zauna da shi a zaure na ce ya kunna mini abin da yake ji. Ya sa mini DJ AB da ClassiQ, sannan na mawaƙan kudancin Amurka, 'yan Atlanta da Houston. Na kasa kunne. Mutum ne yake yabon kansa, yana ambaton unguwarsu, yana jifan abokin hamayya da magana. Na ce, "Ɗana, wannan ai kirari ne da zambo. Ka san Ɗanƙwairo?" Ya yi dariya ya ce, "Anti, waƙar tsofaffi?" Abin da na gaya masa ranar shi ne nake so ke ma ki riƙe.

Daga Bakura zuwa fadar Maradun

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura wajen shekarar 1909. Kiɗa a gida ya tarar da shi. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne kuma manomi, yana kiɗan noma, yana kuma yi wa sarautar Maradun waƙa. Sunan Ɗanƙwairo laƙabi ne: akwai wani mai zaƙin murya a cikin mutanen mahaifinsa da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa.

Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa wurin kiɗa, kuma da amshi ya fara. Da mahaifin ya rasu ma ba shi aka ba jagoranci ba, wansa Kurna aka ba, shi kuma ya zama Daudun kiɗi, wato mataimaki. Ki duba wannan da kyau: mutumin da yau ake jin muryarsa daga Sakkwato har Maraɗi ya yi shekaru masu yawa yana tsaye a bayan wani yana karɓa masa waƙa.

Sunansa ya game Arewa ne lokacin da ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. A lokacin ya riga ya manyanta. Waƙar da ya yi masa, Mai Dubun Nasara, har gobe gidajen rediyo na sa ta. Bayan an kashe Sardauna a ranar 15 ga Janairun 1966 bai ajiye kotso ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙoƙi, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero da wasu sarakuna da dama. 'Ya'yansa na cikin masu yi masa amshi, kamar yadda shi ma ya yi wa mahaifinsa. Ya rasu a 1991, ya haura shekara 80.

Ba shi kaɗai ƙasar nan ta fitar ba. Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, ɗan ƙasar Maradun ne, kuma ubangidansa shi ne Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi. Yau ɗalibai na nazarin waƙoƙin waɗannan mutane a jami'a, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ma ya rubuta tarihinsu a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Saboda haka in ɗan Mafara ko Bakura ya tashi da son sarrafa magana, ba daga waya kaɗai ya tsinto ba.

Abin da ya bambanta su

Ɗanƙwairo yana da abubuwa uku da yawancin yaranmu ba su da su. Yana da malami da zai ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce. Yana da jama'a a kewaye da shi, 'yan uwa da 'ya'ya, masu ganin fitarsa da shigarsa. Yana kuma da haƙurin jiran lokacinsa. Yaron yau kuwa shi kaɗai ne a ɗaki da waya, malaminsa YouTube, alƙalinsa yawan masu danna masa so a TikTok, kuma so yake ya yi suna kafin Sallah.

A nan ne tsorona yake a matsayina na ma'aikaciyar jinya. A Houston an yi wani fitaccen mai haɗa kiɗa, DJ Screw, wanda ya yi suna da salon rage gudun waƙa har murya ta yi nauyi. Salon ya tafi tare da al'adar shan maganin tari mai kodin a gauraye da lemo. Ya mutu a shekarar 2000 yana ɗan shekara 29, kuma binciken likitoci ya nuna kodin na cikin abin da ya kashe shi. Kodin yana danne numfashi, in ya yi yawa mutum sai ya yi barcin da ba ya tashi. Mu ma mun san wannan kwalba, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ba kowane mai hip hop ke sha ba, kuma na ga yaran da suka faɗa shaye-shaye ba su taɓa rera ko baiti ɗaya ba. Amma yaron da aka kora daga gida saboda waƙa, wa kike zaton zai karɓe shi?

Me za ki yi?

Ki saurari abin da yake rubutawa kafin ki yanke hukunci. In batsa ce ko zagi, ki faɗa masa kai tsaye ba ki yarda ba, ki kuma faɗi dalili. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa cikin maganar, kada ta zama sirri tsakaninku. Ki gindaya sharaɗi: makaranta da Islamiyya ba fashi, sannan ya riƙe wata sana'a, domin gidan su Ɗanƙwairo ma kiɗa bai hana su noma ba. Ki san abokansa da inda suke ɗaukar waƙa. In kin ga barci ya yi masa yawa da rana, magana na jan baki, ko kuɗi na ɓacewa a ɗaki, kada ki tsaya rufa-rufa, ki kai shi asibiti.

Na san akwai gidajen da ba su yarda da kiɗa ba sam, kuma wannan hakkinsu ne. Ko a nan ma, hani da bayani ya fi hani da bulala tasiri.

Yaya ta mayar wa ɗanta wayar bisa sharaɗi. Ni kuma na tura masa waƙoƙin Ɗanƙwairo guda biyar. Bayan mako ɗaya ya kira ni yana tambayar ma'anar wasu kalmomi, na ce ya je wurin kakarsa. Yanzu kusan kullum bayan isha'i yana ɗakinta, tana fassara masa tana yi masa tsiya wai Hausarsa ta 'yan birni ce. Bai fasa cewa mawaƙi zai zama ba, kuma har yanzu gaban uwarsa na faɗuwa. Amma yana cin tuwo a gida, kuma mun san inda yake.

Ke fa, uwargida? In naki ya zo miki da wannan magana, me za ki ce masa? Ki rubuto mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru da ke.