Lissafin Ƙunzugun Jariri Ga Angon Ƙarni Da Mai Rumfa

Duk magidancin da iyalinsa ta shiga watan haihuwa, in ka tambaye shi abin da ya tanada, zai lissafa maka ragon suna, da itacen wankan jego, da turmin atamfa na fitar suna, da goro da alawa, da gero da kanwa na kunu. Duk waɗannan kuwa sau ɗaya ake yin su, in an yi arba'in an gama. Akwai wata haja da ba kasafai take shiga wannan lissafi ba, ga shi kuwa ita ke bin mutum safe da yamma har yaro ya shekara biyu ko fiye, watau ƙunzugun jariri, wanda a kasuwa ake ce masa famfas ko wane kamfani ne ya yi shi. Mun ga ya kamata mu ɗora ta a sikeli, don masu karatun takardar nan iri biyu ne a kan wannan magana, akwai mai sayarwa akwai angon ƙarni, sau da yawa ma mutum guda ne ke amsa sunayen biyu. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da albashi. Abin da bai shiga lissafi ba, daga uwar kuɗi yake fita.

To, mu fara da ƙidaya. Jariri sabon haihuwa ana sake masa ƙunzugu sau 8 zuwa 12 a kwana guda, don kusan duk shan nono sai ya yi fitsari ko ya ɓata. Mu tsaya a kan 10. Wata guda ke nan 300, zuwa ranar arba'in 400. In ya yi wata uku zuwa huɗu abin yakan sauka zuwa 6 ko 8, in ya doshi shekara ya koma kamar 5 ko 6. Wanda ya dogara da famfas zalla, shekarar farko za ta ci masa tsakanin guda 2,500 da 3,000.

Farashi ba ya kwana wuri ɗaya, saboda haka kuɗin da za mu ambata nan misali ne kurum, kowa ya cire namu ya sa na rumfarsa. A ce guda ya kama N150. Watan farko N45,000 ke nan, zuwa arba'in N60,000, shekara kuwa ko a ƙaramin lissafi N375,000. Don a gane nauyin abin, albashi mafi ƙanƙanta da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a watan Yuli na 2024 N70,000 ne a wata. Kowa ya san kuɗin ragon da ya yanka, sai ya duba raguna nawa ke cikin wannan adadi.

Me ya sa abin da za a ɗaura wa yaro a jefar yake da wannan tsada? Dalilin yana cikin cikinsa. In ka farke famfas za ka tarar da wata auduga wadda daga itace aka sarrafa ta, gauraye da wani farin gari mai kama da gishiri. Garin nan shi ne sirrin, don yana shanye fitsari kamar ninki 30 na nauyinsa ya mai da shi kamar kamu mai kauri, daga albarkatun man fetur kuwa ake yin sa. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka shi ya fito da Pampers a 1961, daga nan sunan famfas ya samo asali, amma sai cikin shekarun 1980 aka soma zuba wannan gari, shi ya sa na yanzu ya fi na da sirantaka da riƙe ruwa. Audugar da garin galibi daga waje ake sayo su da Dala, ko da a ƙasar nan aka haɗa. Saboda haka da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dalar da hukuma ke bayarwa wajen N460 ta haye N1,500 kafin ƙarshen Fabrairu na 2024, famfas ya bi ta a guje. Ga kuɗin mota kuma, don haja ce marar nauyi mai cin wuri, tirela takan cika tun ba ta yi nauyi ba, daga Ikko zuwa Kano kuwa tafiya ce ta wajen kilomita 1,000.

Manyan kamfanoni ma sun ji a jikinsu. Procter & Gamble ya buɗe babbar masana'anta a Agbara ta Jihar Ogun a 2017, ya tsai da ita a 2018, sa'an nan a Disamba na 2023 ya ce ya bar ƙera kaya a Nijeriya sai dai shigowa da su. Kimberly-Clark mai yin Huggies ya buɗe tasa a Ikorodu a 2022, ya sanar da tashinsa a 2024. Wannan ya ƙara buɗe fili ga irin su Molfix na kamfanin Hayat na Turkiyya, da waɗansu sunaye barkatai da ba a san su da ba. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne suna kaɗai ba ya isa jagora, sai an ɗauki alƙalami.

Nan ne muke so a tsaya da kyau. Mai saye yakan shigo rumfa ya ce, "Alhaji, nawa ne leda?" Tambayar da ta fi masa amfani ita ce, "Guda nawa ne a ciki?" Alal misali ga leda biyu, ɗaya N12,000 mai guda 80, ɗaya N10,500 mai guda 60. Ido zai kai ga ta biyu don ta fi araha a baki, amma in an raba, ta farko guda N150 ne, ta biyu N175. Ƙaramar leda mai guda 10 a N2,000 ta kama N200. Wanda kuwa ke aiken yaro wurin mai tireda da dare ya sayo ɗai-ɗai a N250, shi ne ya fi kowa biya, ga shi kuma galibi shi ne ya fi kowa rashi. Bambancin N100 a kan guda 300, N30,000 ne a wata ɗaya tak. Mu da muka san tazarar sari da ɗai-ɗai a kan sukari da madara a Kasuwar Singa bai kamata mu manta da ita ba ranar da haihuwa ta zo gidanmu. In kuɗin katan bai samu ba, maƙwabta biyu ko uku masu goyo sa iya haɗa hannu su sara su raba. A riƙa duba adadin da ke jikin ledar kowane saye kuma, don akan bar farashi yadda yake a rage guda huɗu ko shida a ciki, mai saye bai ankara ba.

Amma fa araha ma tana da nata tarko. Na N100 wanda ke yoyo har a sake sau 14 ya ci N1,400 a kwana, na N150 da aka sake sau 9 ya ci N1,350, ban da wankin zani da shimfiɗa da na farkon ya jawo. Hanyar ganewa ita ce a sayi ƙaramar leda a gwada kwana biyu ko uku kafin a sari katan. Mai jego ita za ta ba da hukunci, don ita ke tashi da tsakar dare.

Sai maganar lamba. Famfas da nauyin yaro ake auna shi, watanni ba su ne ma'auni ba. Lamba 1 galibi na kilo 2 zuwa 5 ne, lamba 2 kilo 3 zuwa 6, lamba 3 kilo 4 zuwa 9, ko da yake kowane kamfani da ɗan bambancinsa a rubuce a jikin leda. Jariri yakan zo da kilo 3 ko kusa da haka, ya ninka nauyinsa kafin wata shida. Watau lamba 1 ba ta wuce 'yan makonni, yaro mai jiki ma kafin arba'in ya bar ta. Angon ƙarni mai zumuɗi da ya tara katan uku na lamba 1 tun ciki na wata bakwai ya saya wa kansa kwantai. Leda biyu manya sun isa farawa, ragowar kuɗin a ajiye wa lamba 2 da 3, musamman 3 da yaro ya fi daɗewa a cikinta. A tuna kuma, in lamba ta hau, adadin cikin leda sauka yake yi alhali kuɗin ledar bai sauka ba, saboda haka guda yana ƙara tsada daidai lokacin da yawan sakewa ke raguwa. Alamar lamba ta yi kaɗan ita ce jan shaida a cinya da ƙugu, da yawan yoyo. In yatsa biyu ba sa shiga tsakanin ƙugu da ciki, a hau gaba.

Masu kai barka ma da sun ji shawara da lamba 2 ko 3 suka riƙa kaiwa, don ranar suna lamba 1 takan taru a ɗaki har ta yi yawa. Mai rumfa na iya faɗa wa mai sayen barka haka, ba abin da zai rage masa.

Akwai kuma na dila, wanda ake kwancewa a zuba a buhu ko a ƙulla cikin farar leda ba suna ba lamba. Ba za mu ce duk ruɓaɓɓe ba ne, amma da yawansa wanda masana'anta ta ware ne don ya sami tangarɗa, wani maƙallin ba ya kamawa, wani garin ya taru gefe guda, an kuma juya shi da hannu cikin ƙura kafin ya iso. A ganinmu fatar ɗan kwana bakwai, wanda cibiyarsa ma ba ta gama warkewa ba, ba wurin gwajin irin wannan ba ne. Wanda zai sara ya nemi leda rufaffiya mai sunan kamfani da adireshinsa da ranar da aka yi ta da lambar rajistar hukuma.

Yanzu sai nafkin na tsumma, wanda iyayenmu suka yi goyo da shi, da fil da wandon roba. Har gobe yana nan, wanda ma ya ga dama ya yanki yadin tawul a Kantin Kwari tela ya dalmashe masa baki. Dozin biyu sun isa, da wandon roba huɗu zuwa shida, da bokiti mai murfi. Sau ɗaya ake saye, ƙane ma ya gada. Tsadarsa tana wajen ruwa da sabulu da hannun da zai wanke. Gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa sai ya sa jarka biyu a lissafin kullum. A ce jarka N100, wata guda N6,000, sabulu da Omo a ce N4,000. In aka bar famfas guda 3 don dare da zuwa asibiti ko unguwa, guda 90 ke nan, N13,500. Jimla N23,500 maimakon N45,000. Wannan gauraye shi muka fi gani da dacewa ga mai ƙaramin jari, musamman a kwana arba'in na farko, sa'ad da gida ke cike da masu taimako, tukunyar ruwan zafi kuma tana kan wuta safe da yamma saboda wankan jego. Wadda ta tafi wankan gida ma abin ya fi mata sauƙi. Da rani da hunturu nafkin kan bushe kafin azahar, rana kuma tana taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cuta. Da damina ne ake shan wuya, sai a ƙara dozin guda ko a ƙara kason famfas na watannin Yuli da Agusta. A ɗauraye shi sosai har kumfa ta fita, don ragowar sabulu na cin fatar yaro.

Tsimin da muke roƙo a guje masa shi ne barin famfas guda a jikin yaro tun safe har la'asar wai don bai cika ba. Da zafin ƙasar nan, fitsari da kashi in sun daɗe a rufe sai fata ta yi ja ta saɓule, wani lokaci ƙuraje su biyo baya, N300 da aka tsimi ta tafi kemis ta ja abokanta. In yaro ya ɓata a sake nan take, in fitsari ne kada a wuce awa uku ko huɗu da rana. A wanke da ruwa mai ɗumi, a bar wurin ya sha iska, a shafa basilin ko man kaɗanya. Auduga da ruwa sun wadatar, ba dole sai an sayi takardar goge jiki ta leda ba. In jan ya wuce kwana uku bai lafa ba, ko ya soma ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, a kai asibiti. Ƙidayar ƙunzugu ma tana da wani amfani da ya wuce kuɗi, don ma'aikatan jinya na cewa daga kwana biyar da haihuwa jaririn da ke samun isasshen nono yakan jiƙa aƙalla guda 6 a kwana. In aka ga bai kai ba, wannan abin gaya wa likita ne.

Ga 'yan'uwa masu sayarwa kuma, wanda ya sayi lamba 1 a wurinka yau, in ya ji daɗinka shekara biyu zai yi yana dawowa, ya kuma turo wani. Mai rumfar da ya yarda ya musanya ledar da ba a buɗe ba da lamba ta gaba ya kama wannan ciniki da hannu biyu. Wajen sari a rinjayar da jari kan lamba 3 da 4, su suka fi juyawa, lamba 1 a ajiye kaɗan. A sito kuma kada a jibge katan a kan siminti, a sa katako a ƙasa, a nisanta shi da bango mai danshi da rufin da ke yoyo, don garin nan da ke shan fitsari haka yake shan raɓa in leda ta huje. Kada kuma a haɗa shi wuri ɗaya da kananzir ko maganin sauro ko turare, yana ɗaukar wari, mai jego kuwa da ta buɗe ta ji sai ta aiko a mayar.