Kafin Ka Zuba Kifi A Tafki, Ka San Inda Ruwanka Ya Fito

'Yan'uwa manoma, kiwon tarwada ya zama hanyar samun abin sawa a baki ga gidaje da dama a Minjibir, Gezawa da Ungogo. Amma akwai haɗarin da ido ba ya gani, kuma ya kamata kowane mai kiwo ya san shi.

Kogin Jakara yana ratsa cikin birnin Kano ɗauke da dattin gari. A hanya yana haɗuwa da rafin Getsi, wanda ke kwaso ruwan masana'antun Bompai. Daga nan ruwan ya gangara zuwa dam ɗin Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wanda aka gina a 1976. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, amma kamfanonin fata na zamani suna aiki da sinadarin kuromiyam. Masana da suka auna ruwan Jakara da Getsi sun sami kuromiyam da dalma da kadmiyam a ciki.

Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa kamar taki. Suna kwantawa cikin laka a ƙasan ruwa, kuma a nan tarwada ke kiwo. A hankali suna taruwa a jikin kifin, musamman a hanta da ƙoda. Kifin zai iya yin ƙiba, ya yi kyan gani, alhali gubar tana ciki. Dafuwa ko suya ko banda ba sa cire ta. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma tana nan daram.

Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, har da jaririn da ke cikin ciki. Kadmiyam kuwa ƙoda yake lalatawa bayan shekaru. Mun ga abin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. A garin Minamata na ƙasar Japan, ta hanyar kifi guba ta shiga gidaje: wata masana'anta ce ke zubar da sinadarin makyuri a gaɓar teku, aka gano cutar a 1956.

To, me za mu yi?

1. Cika tafki da ruwan rijiya ko na burtsatse da ke nesa da kogin.
2. Kada a ɗebo lakar kogin don gyaran tafki.
3. Kada a ciyar da kifi da tarkacen fata daga masana'anta.
4. A zubar da kayan cikin kifi kafin a dafa.
5. Ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi, ta nemi malamin gona ya taimaka a kai ruwan tafki gwaji kafin a sayi 'ya'yan kifi.
6. Wanda ya ga ana zubar da ruwan masana'anta a rafi, ya sanar da mai unguwa da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don kare muhalli.

Kuɗin gwaji kaɗan ne idan aka kwatanta da jinyar yaro. Riga-kafi ya fi magani.